Gungumen Alhaji Zaharaddini

Shekara ashirin da uku Malam Gwadabe ya yi yana wankin hula a wata rumfar kwano a unguwar Takur, cikin Dutse. Aikin ba shi da wuyar ganewa. A jiƙa hula, a goge ta da burushi da sabulu, a ɗauraye, a tsoma a ruwan sitaci, a ɗora ta a kan gungumen katako mai siffar kai, a ajiye a rana ta bushe, sannan a bi ta da dutsen guga. Amma Gwadabe yana da tasa ƙa'idar. Duk wanda ya daɗe yana kawo masa hula, gungumensa daban ne, an sassaƙa shi daidai kansa, an rubuta sunansa da ajami a gindi. Gumagumai saba'in da 'yan kai ne jere a kan kanta. Ya san mai dogon kai, ya san mai faɗin ƙeya, ya san wanda kansa ya karkace tun haihuwa, kuma ba a taɓa jin ko ɗaya daga bakinsa ba.

Da can su shida ne a rumfar. Cikin shekara biyu suka watse. Ɗaya ya karɓi adaidaita sahu, ɗaya ya buɗe shagon cajin waya. Muslim da ƙaninsa, 'yan Buji, suka tafi noman damina kamar yadda suka saba, riɗi ya yi daraja a shekarar, ba su dawo ba. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu. Mutum ba ya zama da hannu cikin ruwan sabulu daga safe zuwa la'asar in ya samu abin da ya fi. Sai dai kawunan mutanen Dutse ba su ragu ba. Ma'aikatan gwamnati sai ƙaruwa suke, kuma kowa ranar Alhamis yake son hularsa. Aka bar Gwadabe da ƙaninsa Kamilu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda bakinsa ya fi hannunsa sauri, ga shi kuwa hannun ma ba baya ba.

"Yaya, waɗannan kawunan naka su ke kashe mu," in ji Kamilu wata Alhamis, huluna sun taru a kwando har suna zubowa. "Kafin ka lalubo gungumen mutum ɗaya, ka sa tabarau, ka karanta ajaminka, na wanke hula biyar."

"Kan mutum ba gwangwani ba ne."

"Wallahi na mafi yawansu gwangwani ne. Ƙarami, matsakaici, babba. Wa ya taɓa zuwa da tef ya auna?"

Gwadabe ya nemi ma'aikata har ya gaji. Kamilu ya je Kano ya dawo da kawunan roba sittin, kashi uku kamar yadda ya faɗa. Ya daina wanke hula ɗaya-ɗaya, ya riƙa jiƙa su ashirin-ashirin bisa launi. Ya daina tambayar suna. Kowace hula ya maƙala mata lamba da fil, ya ba mai ita 'yar takarda.

Dole a faɗi gaskiya ko ba ta yi wa dattawa daɗi ba: tsarin Kamilu ya yi aiki. Mutum biyu suka riƙa fitar da abin da shida ba sa iyawa. Cikin masu gumagumai saba'in ɗin nan, uku kacal suka lura cewa wani abu ya sauya, su ma ba su daina zuwa ba. Wannan ya fi komai ci wa Gwadabe rai. Shekara ashirin da uku yana yi wa mutane hidimar da ba su san ana yi musu ba.

Gungume ɗaya ne bai hau kanta ya sha ƙura ba. Yana cikin buhu a ƙarƙashin teburin guga, kuma na Alhaji Zaharaddini ne.

Alhaji tsohon magatakardan kotu ne, mutumin Taura, da ya ajiye aiki ya zauna a Takur. Mutum ne mai tsare gida, ba ya dariya a titi. Shekara ɗaya da rabi kafin wannan lokaci, ya zo rumfar bayan azahar, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, ya ce hularsa tana matse shi. Gwadabe ya ce bai sauya gungume ba. Alhaji ya duba hagu da dama, ya cire hular, ya juya ƙeya. A saman kunnen hagu, can baya, akwai ƙari kamar ƙwallon dabino.

"Malam Gwadabe, abin da ka gani, daga ni sai kai sai Allah. In 'ya'yana suka sani, Kano za su kwashe ni a fasa min kai. Uwarsu da ƙafarta ta shiga asibiti, a kwance aka fito da ita. Ni ba zan shiga ba."

"Na ji, Alhaji."

"Ba ji na ce ka yi ba. Alkawari nake so."

"Na yi alkawari."

Ranar Gwadabe ya yanko tsumma, ya ninke, ya kafa shi da ƙananan ƙusoshi a jikin gungumen, daidai wurin. Hula ta bushe da ɗan ɗaki a gefe, ta zauna a kan Alhaji lafiya lau, ba mai ganin komai. Da ta sake matsewa, Alhaji ya ce, "A ƙara," Gwadabe ya ƙara wani tsumman a kan na farko. Alhaji ya daina zuwa wurin wanzami, da kansa yake aski. A ɗakinsa yake alwala. Kowace Litinin shi yake kawo hula ɗaya naɗe a jarida, Gwadabe ya wanke ya shanya a bayan rumfa, inda ba a wucewa. Abin da ya gaya wa Kamilu kawai shi ne, "Hular Alhaji Zaharaddini ni kaɗai ke taɓa ta." Kamilu ya ɗauka rigimar tsufa ce, ya ce to.

Gwadabe yana kiran wannan amana. Rabinsa amana ce. Ɗaya rabin kuwa girman kai ne, domin shi ne aiki guda da ya rage a rumfar wanda roba ba za ta iya ba.

Da kaka ta kama, bukukuwa suka yi yawa, huluna suka ninka. Kamilu ya ce a ƙaro roba. Gwadabe ya ce mutane za a ƙaro. A ransa, in Muslim da ƙaninsa suka dawo, za a sauko da gumagumai daga kanta a koma yadda ake. Ranar Laraba da sassafe ya hau mota zuwa Buji.

A gona ya same su. An yanke riɗi an jingine dammuna suna shan rana. Muslim ya taho da gudu ya durƙusa ya gaishe shi, ya shimfiɗa masa buhu a inuwar kuka. Bayan an tambayi iyali, Gwadabe ya faɗi abin da ya kawo shi.

Muslim ya miƙo hannayensa biyu. "Baba Gwadabe, dubi. Shekara bakwai ban ga asalin launin farcena ba sai bana. Matata ta ce ashe ba fari aka haife ni ba."

"Noman wata huɗu ne. Sauran takwas fa?"

"Muna da rijiya a fadama yanzu, da inji. Albasa, tumatir. Baba, ko kwana ba ma samu."

"Sana'ar da ta yi maka aure kake gudu?"

"Ban guje ta ba, na gode mata. Amma gumin kan manyan ma'aikata na wanke iya rabona. Su ma su ɗanɗana, sabulu bai ƙare a kasuwa ba." Ƙaninsa ya tuntsire da dariya daga bayan dammuna. Muslim ya harare shi, ya sassauta murya. "Ai mun ji Yaya Kamilu ya kawo dabara. An ce ku biyu kun fi mu shida. To me za mu zo mu yi?"

Gwadabe ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Suka cika masa leda da riɗi, suka ɗaure masa zakara, suka raka shi bakin titi.

Ana kiran magariba ya iso rumfa. Kamilu yana kwashe kawunan roba yana waƙa.

"Yaya, albishirinka. Hulunan mutuminka huɗu, 'yarsa ta kawo da hantsi, ta karɓa da la'asar. Ta ce ba ta taɓa ganin sauri irin wannan ba."

"Wane mutumin?"

"Alhaji Zaharaddini mana. Malama Rabi'atu, babbar 'yarsa, mai koyarwa. Ranar Asabar ake ɗaurin auren ƙaninta Fahad. Ta zo gyaran gida, ta tarar tsohon ya fita, ta kwaso. Na ce ba ka nan, ta ce ba ta da lokacin jira. In kore ta?"

"A wane kai ka ɗora su?"

"Matsakaici. Duk sun buɗe ta gefe ɗaya, kamar an zauna a kai. Na ba su sitaci sosai, sun koma daidai, tsaf."

Gwadabe ya ajiye zakara a ƙasa. Bai yi faɗa ba, domin faɗa yana bukatar dalili, dalilin kuwa ba nasa ba ne da zai faɗa.

Washegari da safe ya yi sallama a gidan Alhaji. Rabi'atu ce ta fito zaure, mace mai kamar shekara arba'in, da hulunan huɗu a hannu kamar ta san zai zo.

"Malama, kuskure aka yi. Sitaci ya yi yawa. Na zo in karɓa in gyara."

"Ai kuwa an yi kuskure. Jiya na ce Baba ya gwada. Ya ƙi cire ta kansa a gabana, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Ya fito da tsohuwar a kai, ya ce duk huɗun sun lalace, ya yi min faɗan da rabona da irinsa tun ina firamare. Na ba Fahad ya gwada, kansu ɗaya da Baba tun da can, ta zauna masa daidai. Malam Gwadabe, me ke kan mahaifina?"

"Alhaji za ki tambaya."

"Na tambaye shi. Ya ce babu komai."

"To ni mai wankin hula ne, Malama."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ta miƙa masa hulunan. "A gyara. Ni zan zo karɓa."

Hula huɗu, gungume ɗaya, kwana biyu. Hula kuwa ba ta bushewa a cikin buhu, sai a rana. Bayan rumfa rana ba ta isa sai azahar, kuma Alhaji ba shi da hular da zai sa gaban surukai ranar Asabar. Gwadabe ya sake jiƙa su, ya zare sitacin, ya ɗora ta farko, ya kai gungumen gaban rumfa ya cusa shi tsakiyar kawunan roba, yana fatan ya ɓace a cikinsu. Bai ɓace ba. Sittin a miƙe sumul, ɗaya da kumburi a gefe kamar lemun tsami.

Rabi'atu ba ta jira la'asar ba. Ƙarfe goma sha ɗaya ta sauka daga adaidaita. Ta gaishe su, ta bi layin shanya da ido, ta gane hular ubanta, ta tsuguna ta zare ta. Tsummoki suka bayyana, ɗaya kan ɗaya, launi daban-daban, ƙusoshi sun yi tsatsa a na ƙasan.

Kamilu ya saki burushi a ruwa ya matso. "Yaya, mene ne wannan?"

Rabi'atu ta sa yatsa tana ɗaga gefen tsummokin. "Tara," ta ce. "Tun yaushe?"

Har zuwa nan Gwadabe bai karya alkawari ba. Katako ne ya yi magana, ba shi ba. Yana iya cewa a tambayi Alhaji, ya koma bakin baho, ya zauna da amanarsa cikakkiya. Ya san haka sarai.

"Malam Gwadabe, ba ina neman wanda zan zarga ba ne. Likita zai tambaye ni tun yaushe, Baba kuwa zai ce jiya. Kai kaɗai ka sani."

Ya karɓi gungumen ya ɗora a cinya. Ya taɓa na ƙasa, shuɗi. "Wannan bayan ƙaramar salla ta bara. Daga tsohuwar rigata na yanka." Ya taɓa na biyu. "Wannan ana tsakiyar damina, bara. Wannan da sanyi. Wannan gab da azumi. Wannan bayan babbar salla." Ya tsaya. Saura huɗu a ƙarƙashin yatsansa, dukkansu daga zane ɗaya aka yanko su, mai ruwan ƙasa. "Waɗannan huɗun," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "daga saukar ruwan bana zuwa yau ne."

Sai da ya faɗa da bakinsa sannan ya ji abin da ya faɗa. Biyar a shekara guda da 'yan watanni, huɗu a damina ɗaya. Kullum tsumma ɗaya yake gani, na ranar, yana duba ko ya zauna daidai. Bai taɓa jera su a ransa ba.

"Inna lillahi," in ji Kamilu. "Yaya, shekara ɗaya da rabi kana gina wa ciwo ɗaki? Har da ƙari in ya yi masa kaɗan?"

"Alkawari na yi."

"Da ya faɗi a masallaci, sai ka je ka gaya wa gawa ka cika alkawari?"

"Kamilu, ya isa," in ji Rabi'atu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. "A gama masa guda ɗaya ta ɗaurin aure. Kada a ɓata wa Fahad rana. In ta bushe, hular da katakon duka zan tafi da su."

Haka aka yi. Ranar Asabar Alhaji ya zauna a sahun gaba da kube mai zurfi, aka shafa fatiha, ba wanda ya ga komai. Ranar Lahadi 'ya'yansa biyar suka shiga ɗakinsa, Rabi'atu ta ajiye gungumen a gabansa. Abin da aka faɗa a ɗakin bai fito waje ba. Ranar Litinin, lokacin da ya saba zuwa da jarida a hammata, mota ta wuce da shi Kano.

Wata biyu suka wuce. Kamilu ya ƙaro roba arba'in, ya sayo wata fanka mai aiki da hasken rana don shanyar ranar hazo. Ba a sake zancen neman ma'aikata ba. Labari ya zo cewa an yi aiki, an cire, kuma likitan ya ajiye gungumen a teburinsa ya yi ta juya shi, ya ce da an ƙara damina ɗaya da ba haka zancen yake ba. Kamilu ya riƙa gaya wa masu kawo hula cewa robarsa ta ceci rai. Ba ƙarya ya yi ba, ko da yake bai san abin da yake yi ba ranar da ya yi.

Wata Litinin bayan azahar Alhaji ya bayyana. Ya rame, yana dogara sanda, hula ta yi masa yawa har ta sauko kan kunne. Jarida tana hammatarsa. Gwadabe ya miƙe da sauri, ya goge hannu a riga, ya rusuna.

"Alhaji, barka da arziki. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi." Ya tsaya daga bakin rumfa, bai shigo ba. "Rabi'atu ta ce in yi maka godiya. Likita ma ya ce haka. To na gode."

"Allah ne ya yi, Alhaji."

"Shi ya yi. Amma kai alkawari ka yi min. Na yi shekara talatin ina rubuta rantsuwar mutane a kotu, na san bambancin wanda aka gano da wanda ya faɗa. An gano katako. Watanni kuwa kai ka lissafa."

"Haka ne."

"To."

Gwadabe ya dubi hular da ta sauko kan kunne. Ido ya riga ya auna, ba da niyya ba: gefen hagu ya ɗan lotsa inda aka yi aikin. "In Alhaji ya yarda, sai in sassaƙa sabo. Kan ya sauya. Minti biyar ne awon."

"A'a. Ba wanda zai ƙara sanin kaina." Ya juya wajen Kamilu ya miƙa masa jaridar. "Kai. An ce naka kashi uku ne."

Kamilu ya saci kallon yayansa, ya karɓa da hannu biyu. "Uku ne, Alhaji. Ƙarami, matsakaici, babba."

"Matsakaici."

"Za ta ɗan yi sako-sako ta hagu, ranka ya daɗe."

"Ta yi. Ba ni lamba."

Kamilu ya maƙala fil, ya yago takarda. Alhaji ya duba, arba'in da ɗaya, ya ninke ya sa a aljihu, ya tafi a hankali yana dogara sandarsa. Kamilu ya jefa hular cikin bahon masu duhun launi, tare da goma sha tara na wasu mutane. Gwadabe ya koma kan kujerarsa, ya jawo bahon gabansa, ya ɗauki burushi. Da hular ta zo hannunsa ya gane ta, ya wanke ta kamar sauran, ya miƙa wa Kamilu.